Amsar tambayarka a kan kiɗan okestira lokacin korona

Jiya muna naɗe wayoyi ka tambaye ni yadda makaɗan okestira, wato babbar ƙungiyar masu goge da busa da ganguna irin ta Turai, suka riƙa yin kiɗa tare lokacin korona alhali kowa na kulle a ɗakinsa, har kana cewa ai Zoom kawai ake buɗewa kowa ya kama nasa. Ban tanka maka ba, saboda tambayar ta fama mini wani tsohon miki. Yau da na huce, ga amsarka.

Zoom ɗin nan fitar da shi daga ranka. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya cikin iska, wato kowace mita tana cin kusan kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa. Makaɗi ya saba da ɗan jinkirin da ke tsakaninsa da abokinsa na can ƙarshen dandamali, amma da zarar jinkirin ya haura kamar kashi 30 cikin dubu, sai kiɗa ya fara jan ƙafa, kowa na jiran kowa. Intanet kuwa ninkin-ba-ninkin wannan take ba ka. Ga shi manhajar don hira aka yi ta: mai goge ya ja dogon sauti, ita kuma ta ɗauka ƙugin fanka ne ta danne shi. Abin da ka gani a bidiyo, irin wanda makaɗan Rotterdam na ƙasar Holan suka saki a watan Maris na 2020 suna buga wani yanki na kiɗan Beethoven daga gidajensu, ɗinki ne. Kowa ya ɗauki nasa shi kaɗai, wani mai haɗa sauti irina ya kwana yana harhaɗawa.

Ni ma na yi wannan ɗinkin, kuma har gobe ina jin ciwonsa.

Ranar 30 ga Maris 2020 aka rufe Legas. Ni da na shafe shekaru ina jan waya a zaurukan garin nan, tun kafin a haife ka, sai ga ni zaune a gida, miksa, na'urar haɗa sauti, na shan ƙura. Ana cikin haka wani mai shirya bukukuwa ya kira ni, bakinsa kamar zuma. Wai ya tara makaɗa 38, masu goge manya da ƙanana, masu busa, da mai manyan ganguna, yana so a yi bidiyo irin na Turai don a kwantar wa mutane hankali, kuma kada jama'a su manta da irin wannan kiɗa. Maganar ta shige ni, don ni ma abin da ke damuna ke nan. Ya turo kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, ya ce ciko ranar da aiki ya fito.

Kuskurena na farko, na yarda da jagoran kiɗan. Ya ce shi ba ya son ƙas-ƙas ɗin awon bugu, mai tsayar wa kowa saurin kiɗa, a kunnen makaɗa, wai yana kashe ran kiɗa, zai ɗauki kansa a bidiyo yana kaɗa sanda kowa ya bi. A zaure gaskiyarsa ce. Amma a zaure makaɗi ba sanda kaɗai yake bi ba, yana jin numfashin na kusa da shi, yana ganin kafaɗar na gabansa ta gefen ido. Ka ajiye shi a ɗaki da 'yar waya, kowa zai fassara saukar sandar nan yadda ya ga dama. Na san haka sarai, na yi shiru don kada a ce mai waya yana koya wa mai sanda aiki.

Kuma ban tura musu sautin saiti ba. In ka taɓa lura, kafin a fara kiɗa mai busa obo, wannan mai kama da algaita, shi ke ba da sautin da kowa zai ɗaure tsirkiyarsa a kai. Ma'aunin da aka fi sani girgizar sauti 440 ne a daƙiƙa, amma da yawa a Turai suna hawa 442 ko 443, kuma wasu makaɗanmu da suka yi karatu can da shi suka dawo. A gida babu mai obo. Da na jera fayilolin na kunna, sai na ji gogunan na faɗa da juna kamar kishiyoyi.

Sauran kuwa kada ka tambaya. Wata waya tana gutsurar sauti sau 44,100 a daƙiƙa, wata sau 48,000, wata kuma hotonta ba ya tafiya da sauri ɗaya, ka daidaita farko, kafin minti uku ya zame. Rabinsu ta WhatsApp suka turo a matsayin bidiyo maimakon fayil, manhajar ta matse sautin ya koma kamar daga cikin gwangwani. Ƙugin janareton maƙwabta yana ƙarƙashin kusan kowane ɗauka, kuma kaurinsa daidai yake da kaurin sautin babban goge, in ka yanke shi ka yanke wa gogen ƙirji. Mako uku na yi ina sayen fetur da kuɗina, ina yanka sauti ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe na haƙura, na yi abin da ya kamata tun ranar farko: na haɗa awon bugu mai bin saurin jagoran, na sa sautin saiti a gaba, na sa kowa ya tafa hannu sau ɗaya kafin ya fara. Mutum 12 suka sake ɗauka, ni na saya musu data.

Aiki ya yi kyau, wannan ba na kunyar faɗa. Na zaunar da kowa inda yake zama a dandamali, ƙananan goguna hagu, manya dama, masu busa tsakiya, ganguna can baya. Na cire amon ɗakunansu na lulluɓe su da amon zaure guda, mai daɗewar kusan daƙiƙa biyu irin na manyan zauruka, domin zaure ma kayan kiɗa ne, shi ke narkar da mutum 38 su zama murya ɗaya.

Sai kuskure na biyu, wanda ya fi ci mini rai. Mutumin ya ce in turo ya gani kawai. Na tura masa tsaf, ba tambari a kan hoto, ba shaida a cikin sauti. Washegari na gan shi a intanet, sunan wani kamfani da ya ɗauki nauyi ɓaro-ɓaro a gaba, nawa babu ko a ƙarshe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na kira, ya ce korona ce, kowa na cikin hali. Daga baya ya daina ɗauka. Makaɗan ma ko sisi bai ba su ba, kuma ɗaya daga cikinsu, dattijo mai iyali, sai da ya sayar da gogensa kafin shekarar ta ƙare. Na san ko a New York makaɗan babban gidan waƙa na Metropolitan Opera sun yi kusan shekara ba albashi, amma su ba wanda ya ci kuɗi da guminsu ya gudu. Wannan Allah ya isa na yi masa, kuma ban janye ba.

Ku yaran yanzu kuna ganin komai a kwamfuta ake gyarawa, a danna nan a ja can. Makaɗan Berlin da suka buɗe wa duniya zaurensu na intanet kyauta a Maris 2020, tun 2008 suke da shi, kyamarori da makirfo a kafe, ma'aikata sun goge. Shekara 12 suna shiri kafin annoba ta zo. Kai kuwa ko naɗe waya ba ka gama iyawa ba, hannu ɗaya na aiki ɗaya na latsa waya. Yadda ake kafa makirfo da duba ƙarfin sauti ba zan ɓata baki a kai ba, wanda ya yi wata ɗaya a shago ya sani.

Kuma kada ka ɗauka bidiyon ya maye gurbin zaure. Rufe garwashi kawai muka yi da toka don kada wuta ta mutu. A Basalona ta ƙasar Sifen, ranar 22 ga Yuni 2020, sai da aka jera tukwanen shuke-shuke 2,292 a kujerun zauren Liceu, makaɗa huɗu suka yi musu kiɗa, daga baya aka raba wa ma'aikatan lafiya. Makaɗi yana son wani abu mai rai a gabansa, ni ma ranar da na sake jin tarin ɗan kallo ya shigo makirfona sai da idona ya ciko.

Fayilolin nan 38 suna nan ban goge ba. Ran Asabar ka zo ƙarfe bakwai, ka bar wayarka a aljihu. Zan ba ka na masu goge guda shida, ka daidaita mini minti ɗaya na farko da kunnenka, allon a rufe.