Tambaya da Amsa: Baba ya daina ɗiga maganin gilokoma?

Tambaya: Likita barka da aiki. Babanmu shekara 3 yana ɗiga timolol saboda hawan jinin ido (gilokoma), amma ganinsa sai ƙara tsukewa yake. Na gani a Facebook wai an gano wasu ƙwayoyi ne cikin jijiyar ido ke kawo cutar, ba fresha (matsin ruwan cikin ido) ba, wani mai magani kuma ya ce zai farfaɗo masa da jijiyar in ya bar na asibiti. Hankalina a tashe yake.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Binciken gaskiya ne, fassarar ce aka karkatar. Jijiyar ido zare ne sama da miliyan 1, kuma akwai ƙwayoyi masu yi musu hidima, astirosayit da maikirogiliya, su ciyar da su, su kwashe datti. In matsi ya daɗe a inda jijiyar ke fita daga ido, sai masu hidimar nan su rikice su fara zubo sinadaran kumburi. Amma a 2020 masu bincike a jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun nuna cewa astirosayit har abinci suke janyowa daga lafiyayyen ido su kai wa mai ciwon. A ɓera fa, ba a mutum ba. Magani bai fito daga nan ba tukuna.

Maganar farfaɗo da jijiya kuwa, wallahi na gaji da ita, kullum sai na ji ta. Zaren da ya mutu ya mutu, ba tozali, ba zuma, ba ruwan ganye da zai dawo da shi. Gilokoma ba yanar ido ba ce da za a cire a gani tar. Dattijo zai bar maganinsa wata 6, a shigo da shi jika na riƙe da sandarsa, in haska fitila a idon ko ƙiftawa babu, a aljihunsa ga ƙullin magani na dubban nairori. Wasu kwalaben ma na kemis ne masu sitiroyid, su da kansu suke ɗaga fresha. Har masu gilokomar da freshansu bai wuce 21 ba, wato iyakar awon lafiyayyen ido, sauke shi ɗin dai shi ne abin da aka tabbatar yana rage gudun cutar.

Tunda ganin na raguwa, ƙila timolol kaɗai bai isa ba, ko ba ya ɗigawa kan lokaci. Ku mayar da shi a sake aunawa, a duba ƙarin wani maganin ɗigawa kamar latanoprost, leza ko tiyata. Ke da 'yan uwanki ma ku je awo, tana bin jini.