Amsa: wai kamfanonin gem suna jin ƙorafinmu kuwa?

Ɗan'uwa ka tambaya ko kamfanonin gem suna karanta ƙorafin da muke yi ko kuwa ɓata bakinmu kawai muke. Suna karantawa wallahi, suna da ma'aikata da aikinsu ke nan, su bi dandalin tattaunawa na intanet irin su Reddit da Discord su tattara abin da aka fi kuka a kai su kai wa masu haɗa gem ɗin, amma fa waɗannan ba su ke yanke hukunci ba, shi ya sa ba na jin daɗin ganin ana zaginsu.

Ka duba gem ɗin Final Fantasy XIV. Ya fito a 2010 mutane suka ƙi shi, kamfanin da ya yi shi, Square Enix, suka ɗora Naoki Yoshida ya jagoranci aikin, shi kuma ya riƙa zama kai tsaye a bidiyo yana karanto tambayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya, abin da zai yiwu ya ce zai yiwu, wanda ba zai yiwu ba ya faɗi dalili, har suka rufe tsohon a 2012 suka dawo da sabo a 2013. Irin wannan nake so, a gaya min gaskiya ko da babu daɗi.

A 2024 ma Sony sun ce dole masu buga gem ɗin Helldivers 2 a kwamfuta su buɗe asusun PSN, wato asusun PlayStation na intanet, mutane suka cika Steam, shagon sayen gem na kwamfuta, da ƙorafi, cikin 'yan kwanaki Sony suka janye.

In za ka rubuta musu, faɗi na'urarka da inda matsalar ta faru, ka haɗa da ɗan bidiyo.