Mu a nan ba ma zaɓen firaminista

To ƙanena, ka ce ku a majalisarku ta bayan la'asar a Bauchi gardama ta kaure kan yadda Ingila ta yi firaminista uku a 2022 ba tare da an yi zaɓe ba, har wani na cewa juyin mulki ne na masu kwat. Ba haka ba ne. Mu nan Birmingham ranar zaɓe sunan firaminista ko kusa ba ya cikin takardar da ake miƙo mana, 'yan takarar mazaɓarmu ne kawai, ka ɗau fensir ka yi wa ɗaya alama ka jefa a akwati shi ke nan. Mazaɓu 650 ne a ƙasar, wanda ya fi ƙuri'a ko da ɗaya ce shi ya ci, jam'iyyar da ta haɗa rinjaye, wato 326, Sarki Charles zai kira shugabanta ya ce kafa gwamnati. Don haka in jam'iyya ta gaji da shugabanta sai ta canza shi, gwamnati na nan daram. Haka aka yi da Boris Johnson, Liz Truss ta hau ko wata biyu ba ta cika ba, Rishi Sunak ya karɓa.

Kuma ku 'yan Bauchi ai bai kamata abin ya zame muku baƙo ba, marigayi Tafawa Ɓalewa da kabarinsa ke nan cikin garinku a irin wannan tsarin ya yi mulki, ɗan majalisa ne na jam'iyyar NPC, Sardauna da ke shugabancin jam'iyyar ya zauna Kaduna. Sai 1979 muka koma tsarin shugaban ƙasa.

Ka tambaya ko mu ma muna zaɓe, eh mana, ɗan Najeriya da ke da takardun zama yana da ƙuri'a saboda Najeriya na cikin ƙungiyar Commonwealth ta ƙasashe renon Ingila, rajista kawai zai yi. Ranar Alhamis ake yi, bakwai na safe zuwa goman dare, kuma ba hutu, mutum ya taso daga aiki ya biya wata firamare ko ɗakin taron coci ya yi abinsa ya wuce, ba soja ba layi har bakin titi, ba mai raba atamfa ko taliya. Ana dai tambayar katin shaida mai hoto yanzu.

Mutanenmu da yawa jam'iyyar Leba suka saba yi, iyaye da 'ya'ya, amma a zaɓen 2024 maganar Gaza ta raba kawuna sosai, bayan Juma'a a ƙofar masallaci da guruf ɗinmu na WhatsApp ba a wata hira sai ita, kuma a nan mazaɓar Perry Barr ɗan takara mai zaman kansa Ayoub Khan ya kayar da na Leba da ya daɗe kan kujerar. Duk da haka Leba ta kwashe sama da kujeru 400 da kusan kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u, jam'iyyar Reform kuwa mai kashi 14 kujeru 5 ta tsira da su. Wannan kam ni ban ga adalci a ciki ba, kada wani ya ce maka tsarinsu ba shi da aibi.

Abin da ya fi burge ni, ɗan majalisa na ware lokaci ya zauna a mazaɓarsa ka je da matsalar haya ko ta biza ya rubuta wasiƙa a madadinka, kuma duk Laraba in majalisa na zama firaminista zai tsaya da ƙafarsa madugun adawa ya yi ta yi masa ruwan tambayoyi ana kallo a talabijin. Ka gaida su Baffa da Inna.