Amsar Kawu Kan Wankin Ƙafa

Ɗana Haruna,

Salama a gare ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Saƙonka ya iso ni, na kuma ji daɗi da ka kawo mini tambayar nan maimakon ka bar ta tana cin ka a zuci. Ka ce fastonku ya sa ka cikin waɗanda za su wanke ƙafafun 'yan'uwa ranar Alhamis ta makon Ista, tunda yanzu kai ne shugaban matasa, amma hankalinka bai kwanta ba. Mutane suna zuwa da ƙafafu fes cikin safa da takalmi, a yayyafa ruwa a goge, wani na gefe yana ɗaukar hoto da waya, kashegari kuma wanda ya durƙusa jiya ba ya ko amsa gaisuwar wanda ya wanke wa ƙafa. Ka ƙara da cewa abokanka na wasu ikilisiyoyi ba sa yi sam. To, umarni ne ko al'ada? In al'ada ce, dole ne ka shiga?

Ka shiga, ɗana. Riyar da ka gani tana nan, ba zan ce idonka ya yi maka ƙarya ba. Amma sakacin masu yi ba ya soke abin da Ubangiji ya yi da hannunsa, wato wanke ƙafafun almajiransa. Bari mu bi maganar a hankali.

A ƙasar Yahudiya ta wancan zamani tafiyar ƙasa ake yi, da takalmi buɗaɗɗe, a hanyoyi masu ƙura. In baƙo ya sauka, ruwan wanke ƙafa ake fara miƙa masa. Haka Ibrahim ya yi wa baƙinsa uku a Farawa sura 18. A Luka sura 7 kuma Yesu ya faɗa wa Saminu Bafarisiye a gaban jama'a cewa ya shigo gidansa bai ba shi ruwan wanke ƙafa ba. Sai dai ka lura, ruwa kawai maigida yake bayarwa. Baƙo ne zai wanke da kansa, in kuwa gidan masu hali ne, bawa ya yi masa. Ba a san malami da yi wa almajiransa wannan aiki ba. A daren da Yesu ya ci jibin ƙarshe da almajiransa, a benen da aka ba su aro, Luka ya gaya mana a sura 22 cewa gardama ta tashi tsakanin almajiran kan wane ne babba a cikinsu. Saura 'yan sa'o'i a kama Ubangijinsu, su kuwa suna lissafin muƙami. Ba ranar suka fara ba ma, don 'ya'yan Zabadi sun riga sun roƙi kujerar dama da ta hagu a Markus sura 10, sauran goman kuma suka ji haushinsu.

Yanzu buɗe Yahaya 13, amma kada ka yi saurin zuwa wurin ruwan. Tsaya a aya ta 3. Kafin Yahaya ya ce Yesu ya tashi daga cin abinci, sai da ya faɗi abin da Yesu ya sani: Uba ya danƙa kome a hannunsa, daga wurin Allah ya fito, wurin Allah kuma zai koma. Da wannan sanin ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara, ya zuba ruwa a daro. A ganina duk maganar a nan take. Kowane ɗaya cikin almajiran yana da abin da yake karewa. In Bitrus ya durƙusa wa Yakubu, ya yarda ke nan Yakubu ya fi shi, gardamar kuma ta ƙare ba a kansa ba. Mutumin da darajarsa ke rataye a bakin mutane ba ya iya sunkuyawa, don yana tsoron da ya sunkuya za ta faɗi. Yesu ba shi da wannan tsoro. Abin da Uba ya ba shi babu mai ƙwacewa, inda za shi babu mai tare masa hanya, saboda haka hannunsa a sake yake ya ɗauki daro.

Kai ma an ba ka irin wannan sanin, gwargwadon matsayinka na ɗan Adam mai zunubi da aka fansa. An kira ka ɗan Allah ta wurin alheri tun ba ka yi wani aikin kirki ba, an kuma yi maka alkawarin masauki a gidan Uba. Shugabancin matasa kuwa na 'yan shekaru ne. Za a sāke zaɓe, wani zai karɓa, yaran da suke tasowa ba za su ma san ka taɓa riƙewa ba. Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 4 abubuwan da ake gani na ɗan lokaci ne, waɗanda ba a gani su ne madawwama. Mukan karanta wannan aya wajen jana'iza, alhali aikinta ya fi yawa a ranakun da muke da rai da lafiya. Wanda ya gaskata ta da gaske, hawa mumbari da share majami'a ba za su bambanta a wurinsa yadda suke bambanta a wurin mutane ba. Zai yi wanda ake bukata a ranar.

Game da wanda ka ce ba ya amsa gaisuwa, ka duba su wa ke zaune a ɗakin nan. Yahuza yana ciki. Yahaya ya ce Iblis ya riga ya sa masa niyyar cin amana, Yesu kuma ya san wanda zai bashe shi, Yahuza bai fita ba sai a aya ta 30, bayan an gama wankin. Ƙafafun da za su ja masu kama shi zuwa Getsamani, su ma an wanke su. Bitrus zai yi musun saninsa sau uku kafin carar zakara, sauran za su watse. Ubangiji bai jira su cancanta ba. Idan kana jiran ikilisiyar da babu mai riya a cikinta kafin ka durƙusa, za ka tsufa a tsaye.

Bitrus kuma ya ce sam, ba za a wanke masa ba. Wanda ya ji zai ɗauka tawali'u ne. Yesu ya amsa masa cewa in bai wanke shi ba, ba shi da rabo tare da shi. Ana cewa girman kai rawanin tsiya, mu kuwa mun fi gane shi wurin wanda ya ƙi yi wa wasu hidima. Akwai shi kuma wurin wanda ya ƙi a yi masa, wanda kullum shi ne mai bayarwa, shi ne mai ba da shawara, bai taɓa ce wa ɗan'uwa ya yi masa addu'a ba. Ma'aikatan ikilisiya sun fi kowa kamuwa da wannan. Ka kiyaye.

Sai tambayarka ta umarni ko al'ada. Tun da daɗewa masu bi ba su zama baki ɗaya ba a kan yi da ruwa. A ƙarni na 4 Ambrose, bishop na Milan, yana wanke ƙafafun waɗanda aka yi wa baftisma, shi da kansa kuma ya rubuta cewa ikilisiyar Roma ba ta da wannan al'ada. Wajen shekara ta 400 Agustin, bishop na Hippo, ya ambata a wata wasiƙa cewa wasu suna yi, wasu sun bari don kada a ɗauka wani ɓangare ne na baftisma. Benedik, a ƙa'idar da ya tsara wa masu zaman zuhudu a Italiya a ƙarni na 6, ya sa a riƙa wanke wa baƙi ƙafa, shugaban gidan ma yana ciki. A 694 taron shugabannin ikilisiya a Toledo ta ƙasar Sifen ya umarci bishop-bishop da firistoci su yi a Alhamis ɗin makon Ista. Mabiya ɗarikar Menonawa sun sa shi cikin bayanin bangaskiyarsu da aka rubuta a garin Dordrecht a 1632, Ikilisiyar 'Yan'uwa da ta soma a Jamus a 1708 tana yinsa tare da Jibin Ubangiji har yau, haka ma ɗarikar Adbentis. Wasu ikilisiyoyi masu yawa kuwa sun fahimce shi a matsayin misali, ba farillar sujada ba. Don haka kada ka raina abokanka, kada kuma ka bari su raina ka. Abin da babu mai bi da zai kauce masa shi ne Yahaya 13 aya ta 14 da ta 15: in shi da yake Ubangiji da Malami ya yi mana haka, wajibi ne mu yi wa juna. Wanda ikilisiyarsa ba ta sa daro a gabansa ba, umarnin yana kansa. Wanda aka sa masa, bai sauke umarnin da ruwan dare ɗaya ba.

Tsoronka na cewa abin zai koma kwaikwayo yana da tushe. Sarakunan Ingila a dā suna wanke ƙafafun matalauta a wannan rana. Tun ƙarshen ƙarni na 17 suka daina durƙusawa, bikin dai ya ci gaba, yanzu kuɗi na musamman ake rabawa. Al'ada takan rayu bayan an cire mata abin da ke da wuya. Ana kuma iya komar mata da shi. A 2013 Fafaroma Francis ya tafi gidan yarin matasa na Casal del Marmo a Roma, ya wanke ƙafafun fursunoni 12, cikinsu har da 'yan mata biyu da waɗanda ba Kirista ba. Ni dai ayar da ta fi taɓa ni ita ce 1 Timoti 5:10, inda Bulus ya lissafa shaidar gwauruwa mai aminci: ta goyi 'ya'ya, ta sauki baƙi, ta wanke ƙafafun tsarkaka, ta taimaki masu shan wahala. Babu taro a wurin, babu rana ta musamman. Aikin gida ne na mace da ba a rubuta sunanta ba. Daren Alhamis an shirya shi ne don ya tura ka zuwa irin wannan: jinyar tsoho da ba ya iya tashi, zama da yaron da kowa ya gaji da shi, ziyarar wanda ke kurkuku bayan 'yan'uwansa sun daina zuwa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ba zan bar shi ba, don in babu shi duk abin da na faɗa ba zai daɗe a hannunka ba. Sanin nan na aya ta 3 ba ya zama a zuciyar mutum haka kawai. Yabo yana goge shi, rashin godiya yana goge shi, gajiya ma haka. Addu'a ce take sabunta shi. Markus 1:35 ya nuna Yesu, bayan yini guda na koyarwa da warkarwa a Kafarnahum, ya tashi da asuba tun da sauran duhu, ya tafi wurin da ba kowa yana addu'a. Da aka zo aka ce masa kowa na nemansa, sai ya ce su tafi wasu garuruwa. Wanda bai keɓe da Uba ba, neman da jama'a ke yi masa shi zai tsara masa rayuwa. Ka tuna da Marta a Luka sura 10. Aikin da take yi mai kyau ne, hidima ce ga Ubangiji kansa, amma ya kai ta ga jin haushin 'yar'uwarta, har tana tambayar Yesu ko bai damu ba. Na ga haka wurin ma'aikata da dama masu ƙwazo: suna fara aiki da murna, bayan wani lokaci sai ka ji bakinsu cike da lissafin wanda bai taimaka ba da wanda bai gode ba. In ka bi diddigi, addu'arsu ta ɓoye ce ta fara mutuwa, ta gaban jama'a tana nan lafiya.

Saboda haka ka yanke wa kanka lokaci, kada ka jira sai ranka ya so. Daniyel yana babban ma'aikacin gwamnati a ƙasar baƙunci, amma sau uku a rana yake durƙusawa, dokar sarki ma ba ta sa ya sauya ba. Zabura 55 ta ambaci maraice da safe da tsakar rana. Masu bi na farko an koya musu su yi Addu'ar Ubangiji sau uku a yini. Ban ce sai ka yi uku ba. Ka fara da na safe, kafin ka taɓa waya, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa yadda Matiyu sura 6 ta ce. A wannan surar dai aka ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke bayarwa, aka kuma ce a tara dukiya a sama. Ba banza aka haɗa su wuri ɗaya ba. A Matiyu 25 ma, masu adalcin da aka yaba wa don sun ciyar da mayunwaci sun ziyarci marar lafiya, tambaya suka yi, yaushe suka yi haka. Ba su riƙe lissafi ba.

Kafin ranar, in akwai wanda kuka ɓata da shi a cikin ikilisiya, ka same shi ku shirya. In an bar muku zaɓi, kada ka nufi abokinka, ka nufi wanda zama da shi yake maka nauyi, ko wanda ka ga an bari a baya. Yayin da kake wankewa ka yi masa addu'a da sunansa a zuciyarka, ka ci gaba da yi bayan Ista ta wuce. In lokacinka ya zo, ka tuɓe takalminka ka zauna a yi maka, ko da ƙaramin yaro ne ya zo da daron. Maganar hoto kuma ka kai wa fasto shi kaɗai, cikin ladabi, a matsayin roƙo. In ya karɓa, to, madalla. In bai karɓa ba, kada ka mai da ita rigima, kai dai kada ka sa a ɗauke ka, kada kuma ka yaɗa na wani.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka. Ina sa ka cikin addu'a game da wannan aiki da aka ɗora maka. Bayan Ista ka rubuto mini yadda ta kasance.

Kawunka.