Rediyo a mota garau, a ofis sai shuu: ina matsalar take?

Tambaya: Tashar da nake so tana fita garau a mota, amma da na shiga ofis na kunna ta a waya sai shuu. Wayar ce ta lalace?

Amsa: Malam, wayarka lafiyarta ƙalau. Matsalar ta eriya ce da kuma inda kake zaune. Eriyar mota a waje take, ko a kan rufi, ko siraran layukan nan da ke jikin gilashin baya, babu bangon da ya tare ta. Ita kuwa waya, yawanci igiyar iyafis ce eriyarta ta FM. Shi ya sa manhajar rediyo take ƙin buɗewa sai ka jona shi, kuma shi ya sa iyafis na Bluetooth ba ya wannan aikin. Tashoshin FM suna tsakanin 87.5 da 108 ne, kuma eriyar da ta dace da su tsawonta wajen santimita 75 ne. Idan ka nannaɗe igiyar ka cusa a aljihu, kai da kanka ka gajarta eriyarka. Warware ta, ka bar ta ta miƙe a kan tebur.

Sai kuma ginin kansa. Kankare da rodi suna rage ƙarfin siginar, sannan kwamfutoci da inbata da wasu fitilun LED da caja marasa inganci duk suna fitar da hayaniyar lantarki. Gajeren zango da matsakaicin zango sun fi FM shan wahala a nan. Matsa kusa da taga, ka zare cajar daga jikin wayar, ka ji bambanci.

Tambaya: Ni tun safe nake barin tasha ɗaya a kunne ta intanet har a tashi aiki. Data nawa take ci?

Amsa: Lissafin mai sauƙi ne, malama. Tashar da ke watsawa a kan kilobit 128 a daƙiƙa tana cin kusan megabait 58 a awa, wato wajen 460 a awa takwas. Kwana 20 na aiki sun haura gigabait 9. Idan aka sauko zuwa 64, komai ya rabu biyu. A ganina, mai sauraron labarai da hira ba shi da dalilin wuce 64, don muryar mutum ba ta bukatar abin da kiɗa yake bukata. Duba saitin manhajar, wasu suna ba da zaɓi. Kuma rage murya ba ya rage cin data, ko an kashe sautin ɗungurungum datar na zuba, sai an tsayar da tashar. Mafi tsada duka shi ne kallon shirin rediyo kai tsaye a Facebook ko YouTube alhali ido na kan aiki: bidiyo ake biya wa, kunne kaɗai ke amfana.

Tambaya: To me ya sa a mota ta intanet ɗin take yankewa, har ma tana zuwa a makare?

Amsa: Domin wayarka tana tsalle daga wannan ƙarfen sabis zuwa wancan yayin da kake gudu, ga kuma wuraren da sabis ke faɗuwa. Don gudun yankewa manhajar takan tara sautin wasu daƙiƙoƙi kafin ta sake maka, makarar ke nan. Masu sauraron sharhin ƙwallo sun san zafinta, motar gefe ta gama ihun an ci, kai kana jiran a buga. Ga shi a mota mutum ba ya zama a tasha ɗaya, ana talla ya canza. Da rediyon mota maɓalli ɗaya ne, da waya kuwa sai an sauke ido daga titi, abin da ba na yarda da shi ko kaɗan. Ka ajiye tashoshinka a maɓallan 1 zuwa 6, ka bar intanet don doguwar tafiya inda FM ya ƙare, ko ka sauke shirin tun kafin ka tayar da mota. Idan rediyon motar ya fara shuu da zarar ka soka caja, canza cajar.