Abu Sab'in ne ya kashe shanun maƙwabcina ko raɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da shanun tatsa 4 a Maiurno ta ƙasar Sudan. Tsadar ambaz (tunkuzar da ake ba dabbobi) da dusa ta sa nake son ware fadan ɗaya (kusan eka ɗaya) in shuka Abu Sab'in, wato dawar da ake nomawa don ciyar da dabbobi, amma jikina ya yi sanyi. Maƙwabcina ya saki shanunsa a gonar Abu Sab'in da ya riga ya yanke, biyu suka faɗi kafin hantsi. Wasu sun ce raɓa ce, wasu sun ce baki ne. Mai sayar da magani kuma ya ce man gyaɗa kawai za a ɗura. In shuka ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri. Ka shuka. Abin da ya tura ka shi ya tura masu shanu daga Jazira har Kasala: makiyaya ta zama gonaki, busasshen kara cika ciki ne kawai, daga Afrilu zuwa Yuni kuma kuɗin madara a wurin mai ambaz yake ƙarewa. Saniya mai kilo 350 tana cin ɗanyar ciyawa kusan kilo 35 a yini, don haka kada ka shuka fadan ɗin a rana ɗaya. Raba shi huɗu, ka bar mako biyu zuwa uku tsakanin shuka da shuka. Idan kana da ruwan da ba ya yankewa, ka bar wa barsim (ciyawar alfalfa) gefe, a shuka shi a Nuwamba.

Shanun maƙwabcinka kuwa, yadda ka kwatanta, gyauro ne ya fi kama da abin da ya kashe su. Duk dangin dawa, har da garawi (ciyawar Sudan), suna da wani sinadari a sabon ganye wanda ke komawa gubar sayanaid idan an tauna. Ya fi yawa a ƙaramin tsiro, da tohon bayan yanka, da shukar da ta sha ƙishi sannan aka ba ta ruwa, da wadda aka cika wa takin yuriya. Gubar tana hana jiki amfani da iskar da aka shaƙa. Sai haki, dalala, karkarwa, faɗuwa, wani lokaci cikin minti 15. In an yanka, jinin ja ne wur.

Maganar raɓa ta ishe ni. Kullum sai an zo da ita, kullum kuma sai ta ci dabba, domin mai ita yana jira rana ta ɗaga ne ya sake kora shanu cikin gyauron. Ɗagawar rana ba ta cire gubar daga gyauron. In ganyen ya yi yaushi saboda ƙishi ma, haɗarin ƙaruwa yake. Raɓa tana da hannu a wata cuta daban, wato kumburin ciki na barsim: saniya mai yunwa ta ci jiƙaƙƙe, kumfa ta cika tumbi, kuiɓin hagu ya tashi kamar ganga. A nan ne mai yake aiki, don yana fasa kumfa. Mai kantin da ya haddace wannan guda ɗaya ya mayar da shi maganin komai, alhali mai ba ya yi wa sayanaid komai. Mafi muni, saniyar da ke haki ba ta haɗiya daidai, man sai ya wuce huhu. Ko ta tsira daga gubar, ciwon huhu na jiranta. Maganin gaskiya allurar jijiya ce ta sodiyam tiyosalfet, galibi tare da sodiyam naitirait, likitan dabbobi ke yin ta, kuma sai an kira shi nan take. Kafin ya iso, a fitar da sauran shanun daga gonar, wadda ta faɗi kada a tilasta mata tafiya.

Kada dabba ta taɓa Abu Sab'in sai ya wuce santimita 75. Lokacin yankansa ma wajen kwana 70 ne, in ya fara fid da kai. Yanke ka kai musu garke, ka fara ba su busasshen kara ko harawa, kwanakin farko kuma kaɗan-kaɗan. Bayan yanka ka killace gonar ko ka kifar da kututturen da garma, don awakin unguwa ma ba su tsira ba.

Ka kula da taki. Yuriya mai yawa tana tara wata gubar daban, naitiret, a gindin kara, dabbar da ta ci shi kuma jininta ƙasa-ƙasa ne, shanyawa ba ta cire shi, allurarsa ma daban ce. Saboda haka ka raba takin kashi biyu, in za ka yanke ka bar kututture kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, kuma in dabba ta faɗi ka gaya wa likita launin jinin da ranar da ka zuba taki.