Hajiya, tikitin kwana biyar na Disney ba ya rabuwa tsakanin mutum biyu

Wa alaikumus salam Hajiya. Tambayarki ta taɓa ni, don wannan ramin da kike leƙawa na san zurfinsa, kuma ba na so ki faɗa da yara a hannu. Kin ce kun sayi tikitin kwana biyar na Disney World, wurin shaƙatawar nan da ke Olando a jihar Fulorida ta Amurka, ke da maigida da yara, shi zai yi kwana uku ya koma bakin aiki, ƙanwarki kuma za ta iso daga baya, shin za ta iya ƙarasa kwana biyun da suka rage a nasa? Ba za ta iya ba. Don Allah kar ki saurari masu cewa ai ba a dubawa.

Tikitin na mutum ɗaya ne tun ranar farko har ta ƙarshe, haka aka rubuta a sharuɗɗansa. A ƙofa mutum zai ɗora kati ko waya ko abin hannun nan MagicBand a kan na'ura, sannan ya ɗora yatsa. Na'urar tana mayar da zanen yatsan lamba, ta ɗaure lambar da tikitin a shigar farko. Daga nan duk ranar da aka dawo, yatsan nan take jira. In ya dace fitila ta yi kore ka wuce, in bai dace ba ta yi shuɗi. Ba wa ƙanwarki MagicBand ɗin maigida ba zai canza komai ba, domin yatsa ake nema. Wanda ba ya son ɗora yatsa yana iya nuna katin shaida mai hoto, to shi ma kin ga sunan mai tikitin za a duba. Yara ma ba su tsira ba, tun 2016 ake ɗaukar yatsan 'yan shekara 3 zuwa 9, sai dai uwa ko uba na iya sa nasu a madadin yaron. 'Yan ƙasa da shekara 3 ba sa buƙatar tikiti, daga shekara 10 kuma kuɗin babba ake biya.

Lokacin da fitilar nan ta yi shuɗi shi ne abin da nake jiye miki. An tashi yara tun asuba, an yi musu wanka, an biya kuɗin ajiye mota, an bi layi cikin zafin Fulorida mai narka mutum. Sai ma'aikaci ya ɗaga hannu, wani ya zo da 'yar kwamfutar hannu. Cikin ladabi zai tambayi ƙanwarki, yaya sunanki, wane wuri kika fara shiga da tikitin nan, wace rana, ko da katin shaida? Duk amsoshin suna gabansa a rubuce. Yara sun riga sun wuce ciki suna waiwaye suna kiran Anti, jama'a a baya suna kallo, ita kuma baiwar Allah ko ta yi ƙarya a gaban 'ya'yan yayarta ko ta sunkuyar da kai. Suna da ikon soke tikitin nan take, kuma ba a mayar da kuɗi. Ƙarshenta sai an koma tagar sayarwa an sayi na kwana ɗaya a farashin ranar, wanda ya haura dala 100, ga rabin safiya ya tafi, ga rai ya ɓaci. Yaro ba ya manta irin wannan tsayuwar, wallahi.

Waɗanda suka fi ƙona min rai su ne masu rumfunan nan na bakin titi, a hanyar 192 ta Kissimmee da International Drive a kewayen Olando, masu allon tikiti da araha. Ba dukansu ba ne macuta, amma akwai waɗanda sana'arsu ita ce sayen ragowar kwanaki daga hannun masu komawa gida, su sayar wa baƙi. Sun san sarai yatsa ba zai dace ba. Shi ya sa suke koya wa mai saye abin da zai faɗa a ƙofa, ka ce sunanka wane, ka ce shekaranjiya ka shiga wuri kaza. Duk wanda ya sayar miki da kaya ya haɗa miki da ƙaryar da za ki yi, ai ya gama gaya miki ko shi wane ne. Wasu tikitin ma babu ko kwana ɗaya a ciki, kuma ba yadda za ki gane da ido sai kin je ƙofa. Wasu na mazauna Fulorida ne ko na sojoji, masu rangwame, waɗanda sai da katin shaida ake amfani da su. Kuma baƙo suke hari, wanda ya tara kuɗi shekara guda, wanda jirginsa zai tashi jibi, wanda sun tabbata ba zai tsaya kai ƙara ba. In kin koma rumfar sai ki tarar da wani mutum daban yana cewa bai san zancen ba. Allah ya isa kawai. A dokar Fulorida sayar da ragowar tikitin kwanaki da yawa laifi ne, a 2014 ma aka ƙara tsananta hukuncin, mai maimaitawa babban laifi ake tuhumarsa da shi. Don haka in wani ya tare ku yana son sayen kwana biyun maigida, ku wuce abinku.

To me za ki yi? Abu na farko, in har ba a taɓa shiga da tikitin ba, ana iya sauya mai shi a manhajar My Disney Experience, muddin mutumin yana cikin jerin iyali da abokai na asusunki. Da an ɗora yatsa sau ɗaya wannan ƙofar ta rufe. Saboda haka ku zauna yau ku lissafa wanda zai fi yawan kwanakin shiga tsakanin maigida da ƙanwar taki, shi za a ba na kwana biyar ɗin, ɗayan a saya masa gajere.

Sannan ba dole ne kwana biyar ɗin su zo a jere ba. Na kwana biyar yana aiki cikin kwana 8 daga ranar farawa da kuka zaɓa, na kwana huɗu cikin 7, na uku cikin 5, na biyu cikin 4. In maigida zai iya dawowa ƙarshen mako kafin kwana takwas ɗin su cika, ya ci kwanakinsa da kansa. In ba zai iya ba, sun ƙone, tikitin da ba ya ƙarewa an daina sayar da shi tun 2015. Ki kira su ki tambaya ko za a rage kwanakin kafin a fara amfani, amma kar ki sa rai da dawowar kuɗi, ƙa'idarsu ba a mayarwa. Na san da ciwo. Abin da zai ɗan sanyaya miki rai shi ne kwanakin ƙarshe su ne mafi araha a tikitin, kuɗin yana taruwa ne a kwanakin farko, don haka asarar ba ta kai yadda kike lissafawa ba. Nan gaba a sayi kaɗan, ƙara kwana yana yiwuwa kafin tikitin ya ƙare, a biya cikon kawai.

Ita ƙanwar, a saya mata na kwana ɗaya ko biyu daga Disney kai tsaye ko dillalin da suka amince da shi. In aljihu ya yi nauyi, ta shiga Magic Kingdom, ɗaya daga wuraren wasan Disney World, da yaran rana ɗaya, ɗaya ranar ku tafi Disney Springs, unguwar shagunansu da wuraren cin abinci, shiga kyauta ne, ajiye mota ma kyauta. Kuma ku riƙe abincinku, an yarda a shiga da shi, ruwan ƙanƙara kuma ana ba da shi kyauta a wuraren sayar da abinci na tsaye in kin roƙa. Da wannan kaɗai za ki mayar da wani abu daga kuɗin tikitin nata.

Kar ki manta, ko masu gaskiya fitila tana yi musu shuɗi. Yawanci katuna ne suka cakuɗe a jakar uwa, ko mutum ya sa wani yatsa daban, ko yatsan ya jiƙe da gumi ko man shafawa. Ki rubuta sunan kowa a bayan katinsa, ki ɗauki hoton bayan katunan a waya saboda ɓacewa, kowa ya riƙe yatsa ɗaya, manya su riƙe katin shaida. In kuna da niyyar leƙa Universal, wurin shaƙatawar wani kamfani daban a Olando, can ma tikitin ba ya canza hannu, suna tantancewa da yatsa ko hoton fuska, Disneyland ta Kalifoniya kuma hoto suke ɗauka a shigar farko. Ki duba manhajar yau ki gaya mana ranar farawa da ke jikin tikitin, sai mu taya ki tsara kwanakin.